Kundin aikin mayar da tsohon sito ɗakin karatu

9 ga Nuwamba, 2024

Yau aka damƙa mana mukullin siton. Kwaɗon ya ci tsatsa, sai da aka ɗiga masa baƙin mai kafin ya buɗe. Kwamiti ya ɗora mini rubuta duk abin da aka yi, da ranar da aka yi shi, da dalilin yin sa, domin wanda zai gaje mu ya san abin da ke cikin bangon nan ba sai ya fasa shi ba.

Ginin na jan bulo ne, an ɗora shi da kwaɓin farar ƙasa da yashi, babu siminti a asalinsa. Tsawonsa mita 24, faɗinsa mita 10, kaurin bango santimita 45. Dattawan unguwa sun ce sun tashi sun gan shi a tsaye, kuma ya haura shekara 15 a kulle. Da muka shiga, warin laima da kashin jemage ne suka tare mu, ga haske yana zubowa ta hujojin kwano kamar zare. Burinmu ɗakin karatu, da zauren da za a riƙa taro da koyon sana'a.

23 ga Nuwamba, 2024

An yi zama mai zafi. Rabin kwamiti na ganin a kawo katafila a baje shi, a tayar da sabon gini na bulon siminti cikin wata shida. Ban raina hujjarsu ba: sabon gini ana iya lissafa kuɗinsa tun daga farko, shi kuwa tsoho sai an buɗe cikinsa ake sanin abin da ya ɓoye.

Abin da na faɗa musu shi ne, bulon nan an riga an ƙona shi tun kafin a haife mu, hayaƙinsa ya tashi ya wuce. In muka rushe, sai mu biya sau biyu: mu kwashe ɓaraguzai tifa bayan tifa zuwa juji, sannan mu sa a kunna wata wutar dominmu. Ana yin siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma ba man da ake ƙonawa kaɗai ke fitar da iskar kabon ba, shi kansa dutsen yana sakin ta yayin da yake gasuwa. Shi ya sa masana'antar siminti ita kaɗai ke da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Wani dattijo ya ce wannan maganar duniya ce, shi ta unguwa yake yi. Sai na kawo masa misalan da na sani. Gidan kayan zane na Tate Modern da ke Landan tashar wutar lantarki ce da aka rufe a 1981, aka buɗe ta da sabon aiki a 2000. Gidan tarihi na Orsay a Paris tashar jirgin ƙasa ce ta 1900, ta koma gidan tarihi a 1986. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi, aka kammala a 2018. Wanda ya fi taɓa ni kuwa shi ne aikin Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal a Bordeaux ta Faransa, inda aka gyara gidaje 530 na masu ƙaramin ƙarfi, aka ƙara wa kowanne faɗi da baranda, mutane suna ciki ba a tashe su ba. Su biyun sun karɓi lambar Pritzker a 2021, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gini.

An kaɗa ƙuri'a, gyara ya yi rinjaye da mutum biyu, bisa sharaɗin cewa in injiniya ta ce harsashin ya lalace, za a koma maganar rushewa. Na yarda da sharaɗin, don ba zan so yaro ya zauna karatu a ƙarƙashin bangon da ake shakka ba.

7 ga Disamba, 2024

Injiniya ta wuni tana zagaye da tocila da ƙaramar guduma. Ta sa an tona rami uku a gindin bango, harsashin dutse ne, lafiya lau. Akwai tsaga biyu. Ta kusurwar gabas siririya ce, ta kusurwar yamma kuwa yatsa na shiga. Ta manna wa kowacce ɗan ma'auni mai layi-layi, ta ce in riƙa karantawa ranar ɗaya ga kowane wata in rubuta. Tsagar da ta tsaya cik tsohon ciwo ne da ya warke, wadda ke motsi ita ce abin tsoro, kuma babu mai gane bambancinsu da ido a rana ɗaya.

Babban abin da ta gano shi ne laima. Daga ƙasa zuwa kusan ƙugun mutum bangon a jiƙe yake, kuma a daidai wurin ne wani can baya ya yi masa filastar siminti ciki da waje, da niyyar tare ruwa. Ta buga gudumar, filastar ta amsa kamar ganga. Ta ɓamɓaro wani yanki, sai ga bulon da ke baya ya zama gari, farin gishiri ya fito masa.

Ta ce, "Malam, wanda ya yi wannan alheri ya nufa, amma shi ya cuci bangon."

Bayaninta shi ne, bangon da aka gina da farar ƙasa yana shan danshi daga ƙasa, yana kuma fitar da shi ta fuskarsa iska ta kwashe. Da aka lulluɓe shi da siminti sai ƙofar fita ta toshe, danshin ya riƙa hawa sama yana neman inda zai ɓulla, yana ɗauke da gishirin ƙasa. Gishirin nan in ya bushe yakan daskare a cikin ƙofofin bulo ya tsattsaga shi. Ga kuma ƙasar waje da ta taru shekara da shekaru har ta fi daɓen ciki tudu, ga indararo duk sun zube, ruwan rufi na sauka a gindin bango.

A ɗan ofishin da ke kusurwa ta ga silin na asbestos, wato wani kayan gini mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu. Ta hana kowa taɓa shi.

18 ga Janairu, 2025

Mun dakatar da zane, mun yi zama uku da waɗanda za su yi amfani da wurin: ɗalibai daban, mata daban, masu sana'a daban. Na nace a kan haka saboda abin da ya faru da Hassan Fathy a Masar a shekarun 1940. Ya zana ƙauyen Sabuwar Gourna kusa da Luksor da tubalin ƙasa, zane mai kyau da har yau ake koyar da shi, amma yawancin mutanen da aka gina domin su ba su yarda sun koma ba, don ba su ne suka nemi tashi daga inda suke ba.

Abin da muka ji ya canza mana tsari sosai. Mu hankalinmu na kan kantocin littattafai da dandamalin taro. Mata suka ce in babu banɗaki mai tsabta da ƙofa mai sakata, da fitila a hanyar shigowa, 'ya'yansu mata ba za su zo da yamma ba. Wata uwa ta ce, "Ku fara da wannan, littafi ya biyo baya." Ɗalibai suka nemi wurin cajin waya da teburin da mutum zai zauna shi kaɗai. Wani bawan Allah mai keken guragu ya saurare mu har muka gama, sannan ya tambaya ta ina zai shiga. Babu wanda ya amsa, domin a zanenmu matakala ce a ƙofar.

An soke dandamalin kankare. Za a yi na katako da ake ɗagawa, kantoci kuma a sa musu taya, yadda za a tura su gefe zaure ya buɗe. Banɗaki zai zama ƙaramin gini daban a bayan siton, nesa da tsohon bango, don kada mu ƙara masa wani ruwan.

8 ga Fabrairu, 2025

Ma'aikata masu horo sun sauke silin ɗin asbestos. Sun jiƙa shi tukuna, suka cire kowane falle ɗungurungum ba fasawa, suka naɗe a leda biyu. Ƙurarsa in ta shiga huhu tana kawo ciwon daji bayan shekaru ashirin ko fiye, don haka mun rufe wurin kwana uku. Tsohon fentin ƙofofi ma an ce mu ɗauka akwai dalma mai guba a cikinsa, kada a goge shi a bushe.

1 ga Maris, 2025

Rufi. Kafinta ya hau ya bi raftocin ɗaya bayan ɗaya yana soka musu tsinken ƙarfe. Manyan katakan da ke ɗauke da rufin guda tara ne, kuma shida lafiyarsu ƙalau, har ƙusa na lanƙwashewa a jikinsu. Uku gara ta cinye musu kai, daidai inda suka shige cikin jiƙaƙƙen bango. Ko nan ma laima ce ta yi wa gara jagora.

Shi kafinta ya so a sauke duka a sa na ƙarfe. Injiniya ta ce a yanke ruɓaɓɓen kan kawai, a ɗaura sabon katako da noti da farantin ƙarfe, a bar ɗan sarari kewaye da kan don iska ta riƙa zagaya shi. Haka aka yi. Akwai wata ƙa'ida da masu gyaran tsofaffin gine-gine ke bi, wadda Yarjejeniyar Burra ta ƙasar Ostareliya ta shahara da ita, cewa a yi duk abin da ya zama dole, amma a taɓa ginin kaɗan gwargwadon iko. Na fi ganin hikimarta yau da na ga katakon da ya girme mu duka ya koma bakin aikinsa.

Abu ɗaya muka ƙara wanda babu shi a da. Mun ɗaga tsakiyar rufin a tsawonsa, aka bar kafa mai raga, aka kuma buɗe ƙananan tagogin ƙasa da aka toshe da bulo. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take yi, in ta sami mafita sai ta jawo mai sanyi ta ƙasa. Da wannan dabarar mai zanen gini Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001, ya ɗaga kwano sama da silin don kada zafinsa ya sauko kan yara, aikin da ya ci lambar Aga Khan ta zanen gini a 2004. A ƙarƙashin sabon kwanon mun shimfiɗa abin tare zafi, kwanon kuma fari muka zaɓa.

29 ga Maris, 2025

Mun samu magini da ya san aikin farar ƙasa, bayan mun nema har mun fara gajiya. Dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Ya shafa bangon da tafin hannu, ya ɗebi garin tsohon kwaɓin ya murza, ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sati uku ke nan ana ɓamɓare filastar siminti da cizal da guduma. Baba ya hana a kawo injin fasa kankare, ya ce zai tafi da fuskar bulon. Aiki ne mai cin rai, lebura ɗaya ba ya wuce 'yan taku a wuni. Bulon da ya mutu an zare shi, an maye gurbinsa da wanda muka tsince daga rusasshen shingen baya, an wanke an kankare. Wannan ma wata falala ce ta farar ƙasa: tana sakin bulo a sake amfani da shi, shi kuwa siminti in ya riƙe sai dai a fasa.

Na zauna na ga yadda ake haɗa kwaɓin. Ana gasa dutsen ne a kusan digiri 900, ƙasa da na siminti nesa ba kusa ba. In aka zuba wa gasasshen ruwa sai ya tafasa da kansa yana tururi, shi ya sa Baba ba ya bari kowa ya matso sai da tabarau da safar hannu, don yana ƙona fata yana makantar da ido. A bar shi ya kwanta ya yi laushi, sannan a haɗa awo ɗaya da awo uku na yashi mai kaifi. Ba ya kamawa da wuri kamar siminti. A hankali yake shan iskar kabon daga sarari yana komawa dutse, wato yana mayar da wani kaso na abin da ya fitar a wuta. Kuma da gangan ake so ya fi bulo taushi, domin in gini ya motsa ko gishiri ya taso, kwaɓin ya ɗauki cutar, a kankare a sake, bulo ya tsira.

Na tambaye shi yaushe za a yi yaɓe. Ya ce, "Ɗana, bari bango ya sha iska tukuna." Ƙiyasin da magina ke yi shi ne wata guda ga kowane inci na kaurin bango. Namu inci 18 ne. Na yi lissafin a zuci ban furta ba.

26 ga Afrilu, 2025

An kwashe ƙasar da ta taru a jikin bango har ta koma ƙasa da daɓen ciki, aka yi mata gangare zuwa waje, aka zuba tsakuwa a kewaye. An ɗaura sabbin indararo da bututu zuwa tanki.

Gyara ɗaya ya haifi wani aikin. Da ƙasa ta sauka, ƙofar ta koma santimita 60 sama da fili. Gangaren keken guragu bai kamata ya wuce tashin 1 a cikin 12 ba, ma'ana muna buƙatar sama da mita 7, ban da wurin hutawa. Wasu suka ce a kai shi ƙofar baya don kada ya ɓata fuskar ginin. Na ƙi. Mutumin da ya yi mana tambayar nan a Janairu ba zai zagaya ta wajen banɗaki ba alhali kowa na shiga ta gaba. An yi shi da ƙarfe da katako a jikin bangon gaba, tsaye da ƙafafunsa, ba a kafa shi a tsohon bulo ba, yadda in wata rana aka sami dabarar da ta fi, za a kwance shi ba tabo.

14 ga Yuni, 2025

Ruwa mai ƙarfi na farko. Na je da lema na tsaya a ciki, ko ɗigo babu. Amma tankinmu ya cika ya tumbatsa, rarar ta malalo ta kwanta a kusurwar yamma, daidai gindin babbar tsagar. Laifin lissafinmu ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufinmu murabba'in mita 240 ne, don haka ruwan milimita 20 kawai ya kai lita 4,800, tankin kuwa 3,000 yake ci. Washegari aka ja bututun rara zuwa ramin tsotse ruwa can nesa da gini. Tanki na biyu yana cikin jerin abin da za a saya.

19 ga Yuli, 2025

Wannan shafin ya yi mini nauyin rubutawa. Masu ba da gudummawa sun fara tambaya, suna ganin bango tsirara kamar ba a yin komai. Ni na matsa a yaɓe bangon arewa ta ciki don a sami abin nunawa. Baba ya ce lokaci bai yi ba, na ce a gwada. Ranar da bai zo ba, wani daga cikin yaran aikin ya ƙara ɗan siminti a kwaɓin don ya kama da wuri, kuma na gani ban hana ba.

Cikin sati uku yaɓen ya yi taswirar laima, gishiri ya fito fari fat, ƙasan ya kumbura ya saki. An kankare duka. Mun yi asarar farar ƙasa da yashi da kwana goma na aiki, kuma kuɗin jama'a ne. Na faɗa wa kwamiti yadda aka yi ba tare da na ɗora wa yaron ba, don umarnina ya bi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna ya ɗora a bulon wajen gwiwa, sannan ya ɗora a wajen kafaɗa. Na ƙasan da sanyi, na saman babu. Ya ce, "In ka ji sun zama ɗaya, ka kira ni ko da tsakar dare ne."

An yanke shawara bangon ƙasa zai zauna tsirara har baɗi. Za a cike tsakanin bulo da kwaɓin farar ƙasa kawai, a riƙa share gishirin da ke fitowa da busasshen buroshi, ba da ruwa ba, don ruwa mayar da shi ciki yake yi.

6 ga Satumba, 2025

Mun buɗe rabin zauren haka nan da bangonsa ba yaɓe. Injiniya ta amince, da sharaɗin a killace kusurwar yamma, a kuma ja kantocin littattafai taku ɗaya daga bango. An sa sola a rufin banɗaki, ba a kan tsohon katako ba, tana ɗaukar fitilu da fankoki huɗu da wurin caji. Wayoyin wuta duk a bututu suke a fili, ba a sassaƙa bango an binne su ba.

Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan kiyaye tsofaffin gine-gine ta ce amfani da tsohon gini a wani aiki mai amfanar jama'a yana taimaka wa kiyaye shi, kuma na ga gaskiyar haka cikin sati biyu. Wata yarinya ce ta zo ta gaya mini ganye ya toshe indararon baya. Shekara 15 babu wanda ya ɗaga kai ya duba indararon nan. Yarjejeniyar ta kuma ce abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali, shi ya sa muka buga shekarar 2025 a jikin kowane sabon katako, ba mu kuma shafa masa launin tsufa ba.

Da azahar ciki ya fi waje sanyi sosai, kaurin bangon yana riƙe sanyin dare har rana ta karkata. Da daddare kuwa sai ya fara sakin zafin da ya sha, don haka mai gadi ke buɗe tagogin ƙasa masu raga bayan an tashi, ya rufe da safe. In aka manta, washegari kowa na ji a jikinsa. Mun rubuta wannan a takardar kula da gini, tare da share indararo kafin damina da bayanta, da duba kan katako saboda gara sau biyu a shekara, da sunan wanda kowane aiki ke wuyansa.

11 ga Oktoba, 2025

Karatun ma'auni na wata goma yana hannu. Tsagar gabas ba ta motsa ba, Baba zai cike ta. Ta yamma ta buɗe da milimita 2 tsakanin Yuni da Agusta, sannan ta tsaya. Injiniya na zargin ruwan da ya kwanta a wurin ranar da tanki ya tumbatsa, da wata tsohuwar magudana da take jin ta bi ta ƙarƙashin kusurwar. Ba ta son a yi wa harsashin ƙarin kankare sai an san dalili, don in magudana ce, gyara ta kaɗai zai iya wadatarwa.

Ranar 20 ga wata za a tona a bi sawun magudanar. Killacen yamma yana nan, ma'aunin ma yana nan har damina mai zuwa ta wuce. Na taɓa bangon arewa da safen nan, sanyin ya sauko daga ƙugu zuwa ɗan sama da gwiwa. Na ja layi da alli a wurin, na rubuta kwanan wata a gefensa.